Layi Uku da Albasar Malam Ummaru

Makon jiya sababbin ma'aikata huɗu da aka ɗauka suka shigo ofishinmu na Boɗinga, aka zagaya da su teburi-teburi ana nuna musu wane ke yin me. Da suka iso nawa, ɗaya daga cikinsu ta leƙa abin da nake karantawa, ta ce, "Baba, wanga ɗai shi na aikin? Layi ukku?" Sauran suka yi 'yar dariya, irin wadda yaro mai tarbiyya ke ɓoyewa a bayan hannu. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku huɗun da duk wanda zai biyo bayanku.

Ni malamin firamare ne tun asali. Na ƙare ƙuruciyata a Shagari ina duba littattafan yara da jan biro, har na yi ritaya. Ina zaune ne ƙungiyar manoman albasa ta yankinmu ta kawo wani abu na zamani: manomi ya kira lamba a wayarsa, ya yi magana da Hausa, wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta amsa masa, kuma ta yi masa aikin da ya nema. A ofis muna kiranta ɗan aike, kuma sunan ya bi ta har ƙauyuka. To, shi ɗan aiken nan ba shi da hannu ba shi da ƙafa. Injiniyoyi ne ke ƙera masa ƙananan kayan aiki a cikin kwamfuta, wannan na duba farashi a kasuwa, wannan na duba ko za a yi ruwa, wancan na tura saƙo. Kowane ɗaya ana liƙa masa ɗan rubutu da ke cewa ga abin da yake yi, ga abin da za a ba shi. Ɗan aike ba ya ganin cikin kayan. Rubutun nan kaɗai yake karantawa, da shi yake yanke wanne zai ɗauka da abin da zai gaya wa manomi. Aikin da ƙungiyar ta ɗauke ni in yi shi ne in karanta rubutun kafin a miƙa masa, in sa hannu ko in mayar.

Wadda ta koya mini ita ce Injiniya Hadiza, 'yar Sakkwato, sa'ar 'yata ta biyu. Ranar farko ban taɓa kwamfuta ba. Ta kai ni ɗakin ajiya inda ake jibge buhunan iri, ta ba ni kujera da wasu katuna takwas da ta yanka daga kwali, kowanne da bayanin kayan aiki ɗaya. Ta ce daga yau ni ne ɗan aike. Ta fita, ta zagaya ta bayan taga, ta canza murya kamar tsohon manomi.

"Ɗan aike, nawa albasa?"

Na lalubo katin da aka rubuta "Yana kawo farashin kayan gona", na ɗaga mata ta taga, ina jin kaina.

"Wace kasuwa?" in ji ta.

Na ce ai mutumin Shagari idan ya tambaya, kasuwar da ke kusa da shi yake nufi.

"Ka ga haka nan ga kati?"

Na ce a'a.

"Babban buhu ko ƙarami? Sabuwa ko wadda tak kwana ga rudun ajiya? Na yau ko na makon jiya?"

Na ce, "Haba Injiniya, ai wannan kowa ya sani."

Ta leƙo da kanta ta taga, ta ce, "Baba Malam, ɗan aike ba ɗan Shagari na ba. Ba a haihe shi ko'ina ba, bai taɓa zuwa kasuwa ba. Abin da kas sani ka aje shi bakin ƙohwa tare da takalminka."

Wata uku ina cikin ɗakin nan da ƙamshin iri da zafi. Na ji haushinta sosai a makonnin farko, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya koyar da rabin garin karatu, yarinya ta tsaya a taga tana ce masa "Ka ga haka nan ga kati?" sau hamsin a wuni. Amma a nan na gane wuyar sana'ar. Karatu ba wuya, kowa ya iya. Wuyar ita ce ka mayar da kanka wanda bai san komai ba, da gangan, kullum, alhali kana da shekara sittin na sani a kanka.

Kayan aikina ba su da yawa. Jan biro, wanda ban rabu da shi ba tun ina aji. Katunan kwali, domin har yau sai na kwafe bayani da hannu a kati kafin in yarda na karanta shi. A fuskar kwamfuta ido yana zamewa ya wuce. Tsohuwar kwamfutar ofis da nake gwada ɗan aike a kai. Sai babban littafi mai baƙin bango, wanda ya fi duk sauran daraja. A ciki nake rubuta tambayoyin manoma yadda suka fito daga bakinsu, ba yadda injiniya ke zaton za su fito ba. Injiniya yana zaton mutum zai ce, "Ina son farashin albasa na yau a kasuwa kaza." Manomi kuwa sai ya yi sallama, ya tambayi lafiyar ɗan aike da ta iyalinsa, sannan ya ce, "To, yaya kaka ganin abin ga, in kai ko in dakata?" Da irin waɗannan nake gwada kowane bayani.

Akwai wasu kayan aiki biyu da aka taɓa kawo mini rana ɗaya, kamar tagwaye. Ɗaya an rubuta masa "Yana tura saƙo ga memba", ɗayan "Yana tura saƙo ga membobi". Wanda ya rubuta ya ce ai a bayyane yake. Na buɗe baƙin littafi, na zaɓi wata magana da wani ya taɓa yi: "Ka gaya ma su Sani injin ban-ruwana da sunka ara ya isa haka, su maido." Na ba ɗan aike a kwamfutar gwaji. Ya ji "su Sani", ya ga mutane ne da yawa, ya ɗauki na biyun. Da a waje ne, da duk manomin da ke cikin ƙungiya daga Boɗinga har Horo Birni ya wayi gari da labarin cewa Sani ya riƙe injin mutane. Na mayar da katunan, na ce a rubuta ɓaro-ɓaro cewa na biyun yana aika wa kowa da kowa ne, kuma ba a taɓa shi sai shugabanni sun ce a yi sanarwa. Injiniyan ya kwana biyu ba ya gaishe ni.

Haka masu kawo mini aiki suke. Wani ya rubuto shafi biyu yana yabon abin da ya ƙera kamar mai tallan magani a tasha, ka karanta har ƙarshe ba ka ga inda ya ce me za a ba shi ba. Wani kuma ya rubuta kalma biyu ya tafi shan shayi. Dukansu idan ka mayar musu sai su ce, "Ai kayan na aiki, Baba, gwada ka gani." Na sani yana aiki! Ba kayan nake dubawa ba. Lauje mai kaifi ne, na yarda, amma ka miƙa wa baƙo a duhu ba ka gaya masa ina ne bakin ba.

Yanzu bari in zo kan shekarar da ta sa ba na son jin kalmar "layi uku".

Shekarar ce aka ƙera kayan neman mota. Manomanmu sun daɗe suna kuka da 'yan kamasho na tasha, aka ce to ɗan aike zai riƙa haɗa su da direbobi kai tsaye. Wanda ya ƙera shi Injiniya Nasiru ne, ɗan nan Boɗinga, mutumin kirki, kuma ɗan direba: mahaifinsa ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa kudu. Injiniya Hadiza tana hutun haihuwa. Damina ta kawo kai, lokacin da masu ajiya ke fara fitar da albasa, shugaban ƙungiya kuma kullum yana bakin ƙofa yana tambaya ko an gama. Nasiru ya kawo mini bayaninsa. Har yau katin yana cikin aljihun teburina:

"Yana samar wa manomi motar ɗaukar kaya. A ba shi sunan gari, yawan buhuna, da ranar da ake so. Yana amsawa da cewa an karɓa."

Na kwafe shi a kati. Na gwada shi da tambayoyi daga baƙin littafi, ɗan aike ya ɗauki kayan da ya dace, ya ba shi gari da buhuna da rana, komai daidai. Na sa hannu kafin azahar.

Ga abin da kayan ke yi a zahiri. Ba ya kiran direba. Yana rubuta sunanka ne a layi, ya jira sai buhunan ƙauyukan da ke hanya ɗaya sun kai lodin mota guda, sannan ya kira. Daidai ne kuwa, haka ake yi tun kafin a haife mu. Babbar mota ba ta tashi da rabin kaya, sai ta cika. Nasiru ya san haka tun yana wasa a ƙarƙashin motar ubansa, shi ya sa ya gina kayan a kan haka, kuma shi ya sa bai rubuta ba. Wa zai zauna ya rubuta cewa mota sai ta cika? Ni ma na sani, shi ya sa idona bai ga ramin ba. Na karanta "yana samar da mota", kaina ya ƙarasa "idan ta cika" shi kaɗai, ban ko ji lokacin da ya yi ba. Ranar nan na shiga ɗaki da takalmina.

Malam Ummaru manomi ne a Mandera, dattijo mai 'ya'ya da jikoki a gida ɗaya. Albasarsa ta shekara tana kan rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa daga ƙasa a shimfiɗa albasa a kai, a rufe da ciyawa, iska na ratsa ta. A kan rudu albasa tana iya yin watanni. Amma ranar da ka sauke ta ka cusa a buhu ka ɗinke baki, ka fara ƙirga kwanaki, balle da damina. Ta gogu da juna, ɓawonta ya saɓule, ta yi gumi. Ba a mayar da ita.

Ya kira ɗan aike ranar Lahadi, ya ce yana da buhu arba'in, yana son mota ranar Laraba. Ɗan aike ya duba katinsa. Katin ya ce kayan nan yana samar da mota. Ya ba shi gari da buhuna da rana, kayan ya amsa an karɓa. Sai ya ce wa Malam Ummaru, cikin ladabi, an samu mota, za ta zo Laraba. Na saurari muryar daga baya, domin ana adana kiran. Har Malam Ummaru ya sake tambaya, "Tabbas?" Ɗan aike ya ce tabbas.

Ranar Talata ya kira gayya. Maƙwabta suka zo, mata suka zauna tsince, maza suna cikawa suna ɗinki, aka dafa abinci aka ci. Kafin la'asar rudu ya zama fayau, buhu arba'in suna jere a bakin hanya an lulluɓe da tamfol. Laraba ta zo ta wuce. Ya kira, ɗan aike ya sake duba abin da ke gabansa, ya ga an karɓa, ya ce mota na nan tafe. Alhamis aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, Juma'a rana ta buɗe da zafi a kan tamfol. A layin kuwa babu kowa a hanyar Mandera sai shi da wani mai buhu goma, domin sauran manoma ba su saba da abin ba tukuna. Motar da zai iya nema da kansa a tasha tun ranar Laraba bai nema ba, saboda an ce masa tabbas. Sai ranar Litinin labari ya iso ofis, ta bakin wani mai babur da ya ce ba a iya wucewa ta wurin sai an toshe hanci.

Aka kira taro. A nan ne na ji abin da har yau idan na tuna jinina ke tafasa. Shugaba ya ce na'ura ta yi ƙarya, dama abin Turawa ba a sakin jiki da shi. Wani ya ce laifin Malam Ummaru ne, dattijo kamarsa ya san mota ba ta zuwa don buhu arba'in, me ya kai shi gaggawa? Kowa ya gyaɗa kai, an sami inda za a ajiye laifi, Malam Ummaru ba ya wurin, ɗan aike kuma ba ya da bakin kare kansa. Nasiru ya sunkuyar da kai yana murza biro.

Na tashi na fito da katin na karanta musu da ƙarfi. Na ce ku nuna mini ƙaryar da ɗan aike ya yi. Mun aike shi da rabin magana, ya kai rabin magana, ya kai ta da gaskiya. Nasiru ya rubuta, ni na sa hannu, ga sunana nan a ƙasa da jan biro. Shugaba ya ce, "Malam, zamna, ba mu ce kai na ba." Na ce ai shi ne abin da ya ɓata mini rai, da ba ku ce ni ne ba.

Washegari na hau babur na tafi Mandera. Tun daga nesa warin ya tare ni. An farke buhunan an baje a ƙasa ana neman abin da zai tsira, ruwa baƙi yana bin gefen hanya, ƙudaje sun yi gari. Abin da aka tsinta mai kyau bai fi a ci a gida ba. Malam Ummaru yana zaune a kan turmi. Muka gaisa yadda ya kamata, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan na gaya masa ko ni wane ne da abin da na yi.

Ya ce, "Malam, ni na san mota ba ta tashi sai ta cika. Tun ina yaro nis sani. Amma cewa niy yi, shi wanga abu shina ganin Mandera, shina ganin Horo Birni, shina ganin ko'ina lokaci guda. In yac ce Laraba, ashe ya ga ta cika. Mi za ni ce ma wanda ka ganin abin da ban gani?"

Mutumin ya yi tunani mai kyau, ya fi na duk waɗanda suka zauna a taro. Ya ba ɗan aike amanar da ake ba wanda ya fi ka gani, mu kuma mun tura masa makaho.

Ni da Nasiru muka zauna kwana uku a kan bayanin nan. Ya zama layi tara. Yanzu ya ce kayan nan ba ya kawo mota, sunanka kawai yake sawa a layi. Ya ce "an karɓa" ba ya nufin an samu direba. Ya ce mota ba ta tashi sai buhuna sun kai lodi, kuma a gaya wa manomi saura nawa. Ya ce kada a taɓa furta rana sai sunan direba ya fito. Layi na ƙarshe ni na matsa aka sa, Nasiru yana cewa wannan ba aikin bayani ba ne: a gaya wa mai albasa kada ya sauke ta daga rudu sai an kira shi. Tun daga lokacin kuma, duk katin da ya zo hannuna, kafin in tambayi me kayan ke yi, sai na tambayi me yake cewa ranar da abin bai samu ba. Sannan in nemi abin da ni da marubucin muka sani tun muna yara, domin a nan ramin yake ɓuya.

Da kaka ta wuce na sake komawa Mandera da sabon katin a aljihu. Na ga ya kamata wanda abin ya faɗa wa ya ji da kunnensa. Na same shi ya dawo daga fadamar wani, inda yake aikin yini yanzu, shi da manyan 'ya'yansa biyu. Albasar nan ita ce za ta sayi irin shekarar da man injin ban-ruwa, da ta tafi sai noman ya tafi da ita. Na karanta masa layi taran a hankali. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na maimaita na ƙarshen.

Ya ce, "Madalla. Yanzu kam ya iya magana." Ya kakkaɓe ƙasar da ke ƙafarsa. "Sai dai ni ban da abin da za ni tambaya tai."

Shekara biyu ke nan, bai sake dasa albasa tasa ta kansa ba.

To, ke da kika leƙa teburina, da ku ukun da kuka yi dariya a bayan hannu, gobe da safe za ku shiga ɗakin ajiya, na riga na yanka muku katuna. Ni zan tsaya a taga. Wanda kuma ya sake ce mini layi uku ne kawai, ba zan yi masa faɗa ba. Zan ɗora shi a bayan babur in kai shi Mandera. Rudun yana nan a bayan gidan Malam Ummaru, bai rushe shi ba, awaki ne ke kwana a ƙarƙashinsa.